Zosimu Siriri da Jirgin Gishiri

Godiya ta tabbata ga Ubangiji, mai shimfiɗa hanya ga matafiyi, mai buɗe ƙofa ga baƙo, mai ƙosar da mayunwaci, wani lokaci ma har fiye da yadda mayunwacin ya roƙa. Ku gyara zama, 'yan'uwa, ku ji abin da ya same ni, ni Zosimu maginin tukwane na garin Marduna, a zamanin da masu bin Almasihu ba su da ɗakin sujada sai zaurukan juna, suna taruwa a ɓoye, suna gane baƙonsu da wasiƙa.

A wancan zamani ni siriri ne. Na ga kuna kallon tumbin nan kuna murmushi, to ku yi ta yi. Siriri ne ni na gasken gaske, wanda in iska ta taso sai innata ta ce in riƙe ƙyaure.

Ina da wa guda ɗaya, sunansa Nikandar. Shekara uku kafin wannan labari dakarun Sarki Uzmar suka kama shi don ya ƙi ƙona turare gaban gunkin sarki, suka kai shi Tsibirin Gishiri, inda fursunoni ke fasa gishiri cikin rana tun safe har yamma. Ran nan wani falke ya kawo mana labari cewa ƙyallin gishirin nan yana cinye idanun Yaya, har ya fara lalube. Innarmu, Makarina, ba ta yi kuka ba. Ta shiga ɗaki ta kwana biyu tana daka da tacewa, ta fito da ɗan tandu ta ɗaura mini a wuya.

Ta ce, “In an ɗiga masa wannan kafin damina ta faɗi, idon zai dawo. In damina ta riga ka, sai dai ka sassaƙa masa sanda.”

Jirgi ɗaya tak ke zuwa tsibirin nan, sau ɗaya a shekara, daga tashar Balmaru, ranar da iskar gabas ta fara kaɗawa. Saura kwana ashirin, tafiyar kuwa ta kwana goma ce. Na ce ai har da rarar kwanaki na kallon gari. Kaito, wauta!

Baba Barsuma, dattijon ikkilisiyarmu, ya zauna ya rubuta mini wasiƙar shaida, wadda in ka nuna ta a kowane gari masu bi za su san kai nasu ne su sauke ka. Yana rubutu Inna na tsaye a kansa tana yi masa raɗa, shi kuma yana gyaɗa kai yana ƙarawa. Ni ban iya karatu ba, don haka na naɗe wasiƙa na cusa a aljihu, na kama hanya.

A kwana na uku na isa Kalmuna, birnin da aka gina a kan wani dutse mai faɗi, inda kunkuru ke kai girman rumbu, mutane na ɗora masa kaya. Na nemi gidan Baba Firminu, dattijon masu bi na can. Ya karanta wasiƙata, ya ɗago ya dube ni, sai na ga idonsa ya ciko da hawaye. Ya kira matarsa, Gwaggo Sabina, ya nuna mata wani layi da yatsa. Ta dafe ƙirji ta ce, “Wayyo ɗan nan! Ku kawo ruwa!”

Aka wanke mini ƙafa, kamar yadda masu bi ke yi wa baƙo. Na ji daɗi. Ina cikin shanya ƙafar sai ga maƙwabci da ƙwaryarsa, ya ce shi ma ba za a bar shi baya a wannan albarka ba. Gidaje bakwai ne na masu bi a Kalmuna, kuma shekara biyu rabonsu da baƙo, saboda tsoron dakarun sarki ya hana mutane tafiya. Kafin rana ta faɗi an wanke ƙafata sau goma sha tara. Tafin ƙafar da na yi shekara talatin ina taka yumɓu da shi ya yi laushi har tsakuwa ɗaya na iya sa ni ihu.

Sai abinci. Tuwon alkama da miyar kifi, na cinye. Aka ƙaro. Na ce, “Gwaggo, na ƙoshi.”

Ta dubi mijinta, ya dube ta, suka yi wani irin murmushi na tausayi. Ta ce, “Mun sani, ɗana, mun sani.” Ta ƙara malmala biyu.

Ƙa'idar masu bi ita ce baƙo ya yi kwana uku ya wuce. Da ukun suka cika na ɗauki sandata, sai na tarar da mai gida na biyu a bakin ƙofa ya naɗe tabarmata ya saɓa a kafaɗa. Ya ce kwana ukun da na yi na gidan Baba Firminu ne, nasa yanzu za su fara. Na lissafa gida bakwai sau uku, gumi ya karyo mini. Na ce, “Jama'a, sauri nake yi! Idon wana!” Suka ce, “Allah sarki, ji yadda yake faɗi.” Suka yi wa Yaya addu'a mai tsawo da hawaye na gaskiya, suna cewa amin aka kawo gasasshen ɗan rago.

A rana ta takwas da saukata a garin dabara ta zo mini. Na miƙe a tsakiyar taro na ce na ɗauki azumi domin wana, ba zan ƙara sa komai a baki a Kalmuna ba. Azumi dai ba mai iya hana shi, kuma ba su iya jure ganin baƙo zaune a garinsu ba ya ci. Baba Firminu ya ce to gara in tafi, in fita gari in sha ruwa. Amma ba za a ce baƙon Kalmuna ya fita da ƙafa ba. Suka janyo mini kunkurun girmamawa, wanda ake ce wa Hanzari, suka shimfiɗa kilishi a bayansa, suka ɗaɗɗaure buhunan guzuri, suka ɗora ni bisa.

Tun hantsi muke tafiya. Rana ta take, na waiwaya, ina iya ƙirga kajin Baba Firminu. Can sai ga Gwaggo Sabina ta biyo mu da ƙafa, ba ta ko sauri, da akushi a kai.

Ta ce, “Ai ka fita gari, ɗana, azumi ya ƙare.”

Na karɓi akushi don ba yadda zan yi. Ashe ta zuba yaji da hannu biyu. Na buɗe, na yi wata atishawa wadda ban taɓa irinta ba. Hanzari ya firgita ya janye kai da ƙafafu cikin ƙoƙonsa. Mu kuwa muna daidai bakin dutsen, inda Gangaren Ila ya fara. Sai kawai muka sulale. Jama'a, na ga gudu! Muka ratsa daji, muka ratsa gonakin mutane, muka tsallake kogi uku ba mu jiƙe ba, ina ihu ina rungume da tandun Inna da hannu ɗaya, akushi a ɗaya hannun. Tafiyar kwana uku muka yi kafin la'asar. Da muka tsaya Hanzari ya leƙo, ya dube ni da raini, ya juya ya kama hanyar gida. Na ji an ce ya isa bayan shekara huɗu. Ni kuwa na zauna na cinye tuwon, don tsoro yunwa yake sa wa.

Na kwana ɗaya a hanya na isa Tudun Ila. Saura kwana bakwai, tafiya saura ta kwana uku. Na ce to yanzu kam na tsira.

Mutanen Tudun Ila sun ba ni mamaki tun daga ƙofa. Kowa da takalmin tafiya a ƙafa, kowa da gora a rataye, gonakinsu duk ciyawa ta cinye. Dattijuwarsu, Iya Faustina, ta karanta wasiƙata ta ce, “Ash!” Aka kawo abinci. Na riga na san wannan karatun, na ci ban yi musu ba. Da safe na ce zan wuce, suka ce madalla, ba mai riƙe ni. Na kusa kuka don murna.

Iya Faustina ta ce, “Sai dai rakiya. A nan ba ma juyawa sai mun ga baƙo ya shiga ƙofar gari na gaba.”

Gari duka ya fito, har da mai jego. Muka yi tafiyar wuni muna waƙoƙin yabo, muka isa Kwarin Ila. Masu bi na can suka tarbe mu da murna, dattijonsu Baba Gelasu ya ce, “Maraba da baƙi!” Baƙi fa, ba baƙo ba. A wurinsu duk wanda ƙafarsa ta taka ƙofarsu baƙo ne. Aka saukar da mu duka, aka ciyar da mu duka. Da gari ya waye sai na ga mutanen Kwari suna ɗaura takalma, za su raka mutanen Tudu gida.

Na ce, “To, Allah ya kiyaye hanya, ni zan yi gabas.”

Baba Gelasu ya riƙe baki. Ya ce, “Ɗana, ka ci tuwonmu, ka kwana a ɗakinmu, ai ka zama ɗan gida. Ɗan gida ya zauna ana rakiyar baƙi? Me za a ce da mu?”

Haka na koma Tudun Ila ina rakiyar waɗanda suka rako ni. Muna isa mutanen Kwari suka zama baƙi, aka ciyar da su, da safe aka ɗaura takalma. Na tambayi wani mutum da ke tafiya kusa da ni tun yaushe ake wannan abu. Ya yi ajiyar zuciya ya ce wani mai wa'azi suka raka shekara goma sha ɗaya da suka wuce, mai wa'azin ya daɗe da tsufa a garinsu, su kuwa har yau ba a samu wanda zai fara cewa ya isa ba. Ya ce a hanyar nan ya yi aure, a hanyar nan aka haifa masa 'ya'ya uku.

Kwana shida ina kai da kawowa. A rana ta shida, muna hutawa a gindin wata tsamiya da ke tsakiyar hanya, na ji iska ta taɓa mini kunne daga gabas. 'Yar kaɗan ce, amma na san iskar tashin jirgi ce. Na taɓa tandun da ke wuyana, na tuna Yaya yana lalube cikin farin gishiri, ni kuwa ina nan ina gyatsa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na zaro wasiƙar nan na miƙa wa Iya Faustina na ce, “Iya, don girman Ubangiji karanta mini da ƙarfi. Me aka rubuta a kaina?”

Ta gyara murya ta karanta: “Mai ɗauke da wannan ɗanmu ne Zosimu, amintacce cikin bangaskiya. Ku karɓe shi kamar yadda za ku karɓe mu. Uwarsa ta ce a sanar da ku yana da kunya. In ya ce ya ƙoshi, kada ku yarda. In ya ce sauri yake yi, nauyinku yake ji, ku riƙe shi. Ku duba ƙashin wuyansa ku ji tsoron Allah.” A ƙasa kuma Baba Firminu ya ƙara da nasa hannu: “Gaskiya ne. Mun yi iyakar ƙoƙarinmu. Yana son yaji.”

Inna! Inna ta gama da ni tun kafin in fita gida.

Na hau kan saiwar tsamiya na ce, “'Yan'uwa, ku ba ni amsa. Nan gindin tsamiyar nan, garin wa ne?”

Suka dubi juna suka ce ba garin kowa ba ne.

“To a nan wane ne baƙo, wane ne mai gida?”

Baba Gelasu ya sosa gemu.

Na ce, “Mutanen Tudu sun rako mutanen Kwari har nan. Mutanen Kwari sun rako mutanen Tudu har nan. Kowa ya yi rakiya, ba wanda ya gaza. Yanzu ku juya wa juna baya, ku rufe ido, in na ce amin kowa ya nufi gidansa. Wanda ya waiwaya shi ya jawo wata shekara goma sha ɗaya.”

Kai, in kun ga kuka! Tsofaffi suka rungumi juna, mutumin nan mai 'ya'ya uku ya sumbaci hannuna ya ce bai taɓa ganin cikin ɗakinsa da rana ba. Suka jeru baya da baya. Na ja addu'a ina ja da baya, na ja ta ina ja da baya, na ƙwala amin daga nesa, na zura a guje. Da na ce gudu, ku fahimce ni. Jikin da na fito da shi daga Marduna ba shi ne wannan ba. Cinyoyina na gugar juna, rigata ta tsage a hamata, kowane taku tumbi sai ya yi nasa tafiyar daban.

Kwana uku ina wannan fama, iskar gabas na ƙara ƙarfi tana dukan fuskata. Na isa Balmaru a rana ta ashirin da biyu. Na makara da kwana biyu cur. Ban ma nemi gidan kowa ba, na nufi bakin teku don in zauna in yi kukana inda jirgin ya tashi.

Sai ga jirgi a tsaye.

Iska na kaɗawa, filafilai a naɗe, matuƙa kuwa suna kwance birjik a kan yashi suna nishi, kowa ya kwance ɗamara. A gindin wata rumfa na ga wani ƙaton mutum mai 'yan kunne, zaune gaban akushi, gumi na zuba, idanunsa sun yi ja. A gefensa wata 'yar tsohuwa ce da ludayi da tukunya. Yana kai loma ta ƙarshe baki, ta zuba wani.

Ya hango ni, ya hango tandun, ya yi wata ƙara: “Kai ne mai maganin ido? Ka ce kai ne!”

Na ce ni ne.

“Ni ne Gurmas, sarkin jirgin nan. Ba na bin Allahnku, amma yau na roƙe shi ya kawo ka. Mu matuƙa ba ma tashi mu bar abincin tsohuwa a akushi, teku ba ta yafe wannan. Matar nan ta sani! Kwana biyu ina ci, ban ga gindin akushin nan ba!”

Tsohuwar ita ce Kaka Nastasiya, kuma ita da wasu mata huɗu su ne dukan ikkilisiyar Balmaru. Falken nan da ya kawo mana labari ya biyo ta wurinta a hanyarsa ta komawa ya gaya mata akwai mai zuwa da magani. Da iska ta taso ba ta ga kowa ba, sai ta ɗora tukunya. Hatsin da suka tara na shekara duka, shi suka juye wa matuƙan nan.

Na miƙa mata wasiƙata don ladabi. Ta karanta, ta dube ni sama da ƙasa, ta sake duba wasiƙar, ta ce, “Ƙashin wuyan fa, ina ka bar shi?” Na sunkuyar da kai ina jiran ludayi. Sai ta kife tukunyar ta ce, “Kai ba abinci kake bukata ba, jikana, jirgi kake bukata. Wuce.” Gurmas ya lashe akushi, ya ɗaga shi sama ya nuna wa teku, matuƙa huɗu suka cicciɓe shi zuwa jirgi. Ni mutum shida suka ɗauke ni.

Kwana biyar muka yi a teku. Tsibirin Gishiri fari ne fat, ba itace, ba tsuntsu, har raƙuman da ke jan kaya an ɗaure musu ido da baƙin ƙyalle. Masu gadi suna barin dangi su ga fursunoni muddin ana lodin jirgi. Aka nuna mini wani mutum zaune a inuwar wani tulin gishiri, ya rame, gemunsa ya yi fari, idanunsa a buɗe amma ba inda suke kallo. Na durƙusa na ce, “Yaya, ni ne Zosimu.”

Ya miƙo hannu ya rungume ni. Hannayensa ba su haɗu a bayana ba. Ya sake gwadawa, suka ƙi. Ya ture ni ya ce, “Muryar ta ƙanena ce, amma ƙanena da hannu ɗaya nake zagaye shi. Kai wane ne? Su suka turo ka ka yi mini ba'a?”

Na ce, “Yaya, ni ne. 'Yan'uwa ne suka yi mini haka a hanya.”

“Waɗanne 'yan'uwa?”

Na soma lissafa masa. Gida bakwai a Kalmuna, gari guda a Tudun Ila, gari guda a Kwari, mata biyar a Balmaru. Na ce duk sun san sunansa, duk sun yi kuka dominsa, kuma in ban da matan Balmaru duk sun huce a kan cikina. Ina faɗi ina jiran ya yi dariya, amma bai yi ba. Ya sa tafin hannu biyu a kan tumbina yana shafawa a hankali.

Ya ce, “Kullum masu gadi suna gaya mana an gama da masu bi a can ƙetare. Wai kowa ya ƙona turaren, mu kaɗai muka rage muna wauta. Shekara uku, Zosimu. Na fara yarda.” Ya ɗan matsa tumbin. “Duk wannan tuwon masu bi ne?”

“Duka, Yaya. Ko loma ɗaya ta wani ba ta ciki.”

“Ashe da sauranmu.” Sai ya ɗaga murya ya kira sauran fursunoni: “Ku zo ku taɓa! Ku zo ku ji yawanmu!” Haka na tsaya cikin rana, mutum talatin suka yi layi suna shafa cikina suna kuka suna dariya, ni ma ina yi, mai gadi na kallonmu ya rasa laifin da zai ce mun yi.

Na kwance tandu na fara ɗiga masa safe da yamma. Kwana ɗaya, biyu, biyar, ba labari. Hadari ya fara haɗuwa a yamma, lodin jirgi ya kusa ƙarewa, abinci ma ya fita raina, abin da ban zaci zai sake faruwa ba. A safiya ta tara na durƙusa gabansa da tandu, rana na fitowa ta bayana, ɗigon da ya rage kuwa bai fi uku ba. Yaya ya ƙifta ido, ya yamutsa fuska, ya kai hannu ya ture kafaɗata.

Ya ce, “Kai, matsa can. Ka tare mini haske.”